Zan iya karatu a Istanbul ina aiki ina ciyar da kaina?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Kano ne, shekarata 19, bara na gama sakandare. Wani ejan ya samo min admishan a wata jami'ar kuɗi a Istanbul, injiniyan kwamfuta, kuma da Turanci ake koyarwa. Ya ce an rage min rabin kuɗin makaranta, kuma wai ina sauka zan samu aiki in dinga biyan haya da abinci da kaina. Baba ya ce zai iya biyan kuɗin makaranta da tikiti amma ba zai iya turo kuɗi duk wata ba. Don Allah ya rayuwar ɗalibi take a can, kuma maganar ejan ɗin nan haka take?"

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka daidai abu biyu kake tambaya, ɗaya ya garin yake ga ɗalibi, ɗayan kuma wanda shi ne ainihin abin da ke hana ka barci, ko za ka iya zama babu kuɗin wata daga gida ka dogara da aikin da ejan ya yi maka alkawari. Bari in fara da na biyun tunda shi ne mai zafi: a'a, kar ka hau jirgi da wannan lissafin. Na yi shekara bakwai a garin nan, na yi karatun harshe na yi digiri na ɗora mastas, na tarbo yaran gida da yawa a filin jirgi, kuma na raka wasu suka koma ba takarda a hannu, kusan dukkansu da irin maganar da aka faɗa maka aka kawo su.

Ba wai ina nufin garin ba shi da kyau ba ne fa. Santambul ɗin da kakanninmu ke faɗa gari ne na gaske, mutum kusan miliyan 16, wani ɓangare a Turai wani a Asiya, ruwan Bosforos ya ratsa tsakiya, akwai jami'o'i masu tarihi irin su Jami'ar Istanbul da ke Beyazıt, da İTÜ ta injiniyoyi wadda asalinta tun 1773, da Boğaziçi, da Marmara, da Yıldız Teknik. Wuta ba kasafai take ɗaukewa ba, ba ruwanka da yajin aikin malamai, shekara huɗu shekara huɗu ce in ka yi karatu. Amma garin da ɗan yawon buɗe ido yake ɗauka a bidiyo daban, wanda ɗalibi mai ƙaramin aljihu yake kwana a ciki daban.

Maganar aikin nan

A doka dai ɗalibin digirin farko ba shi da damar yin aiki sai ya gama shekarar farko, bayan nan ma na ɗan lokaci ne ba cikakke ba, kuma sai an ciro masa takardar izinin aiki, wadda mai ba ka aikin ne zai nema ba kai ba. To yawancin masu shago da ƙananan masana'antu ba sa son wannan wahalar da biyan inshora a kan baƙo, shi ya sa aikin da ake samu a zahiri na bayan fage ne, ɗinki ko guga ko shirya kaya a ɗakunan masaƙu na ƙarƙashin ƙasa, ɗaukar dila a unguwannin sarin kaya na Laleli da Merter, wankin kwano a gidan abinci. Awa goma zuwa sha biyu a tsaye, kwana shida a sati, kuɗin bai taka kara ya karya ba, in mai gida ya hana ka hakkinka ba inda za ka kai ƙara tunda kai ma ba a kan doka kake ba, in kuma aka kama ka akwai tara kuma ana iya soke maka izinin zama a mayar da kai gida.

Sannan ka haɗa wannan da makaranta. Yawancin kwasa-kwasai suna da dokar halarta, in ba ka shiga kusan kashi 70 na lakca ba ko jarrabawar ƙarshe ba za a bar ka ka zauna ba, su suna kiran abin devamsızlık, kuma wallahi kalmar nan ta kayar da yaranmu fiye da lissafi. Akwai wani yaro da muka zauna gida ɗaya da shi, mai ƙwaƙwalwa sosai, ya fara zuwa ɗinki wai na wata biyu ne kafin a turo masa kuɗi, sai wata biyu ya zama zango guda, da asuba in na tashi sallah sai in tarar ya yi barci da takalmi a ƙafa, yatsunsa duk shuɗin rinin yadi. Kwas huɗu ya zubar a zangon nan ba don ya faɗi jarrabawa ba, don kawai ba a gan shi a aji ba, kuma kuɗin makaranta babansa ya riga ya biya da dala.

Waɗanda na ga sun samu abin yi mai ma'ana su ne waɗanda suka iya Turkanci. 'Yan kasuwarmu na Kwari da Sabon Gari da na Yamai suna zuwa sarin kaya, abaya, takalma, labule, kayan ɗaki, suna buƙatar wanda zai raka su ya yi musu tafinta ya yi ciniki ya kai kaya kago, haka masu zuwa asibiti. Wannan akwai rufin asiri a ciki, amma ba aikin sabon zuwa ba ne, sai ka yi kamar shekara biyu ka san gari ka san bakinsu mutane sun yarda da kai.

Ragin da aka ce an yi maka ma kar ya ruɗe ka. Jami'o'in kuɗi da yawa, waɗanda suke kira vakıf, suna rubuta farashi mai tsada sannan su rage wa kusan duk baƙon da ya nema, wato ba wata alfarmar ejan ba ce, kai da kanka in ka shiga shafin jami'ar ka cike fom za ka iya samun irinsa, shi kuma ejan galibi jami'ar ce ke biyansa la'ada a kan duk kan da ya kawo. Ka rubuta wa ofishin ɗaliban waje na jami'ar kai tsaye ka tambaye su abu uku a rubuce, ragin na shekara huɗu ne ko na shekarar farko kawai, da dala ake biya ko da lira, sannan in ka faɗi jarrabawar Turancin da ake yi wa sabbin shiga nawa ne kuɗin shekarar share fage, don in ba ka ci ba sai ka yi shekara guda a ajin hazırlık kuma biya za a yi.

Abin da ke cinye kuɗi

Haya ce, ba wani abu ba. Ba zan ba ka adadi in ce ga kuɗin ɗaki ba don duk adadin da na rubuta yau kafin ka iso ya tsufa. Ka duba dai, a farkon 2021 dala ɗaya ba ta kai lira 10 ba, a farkon 2024 ta kai wajen 30, a 2025 ta haura 40, hauhawar farashi kuma a lissafin gwamnati sai da ta taɓa kashi 85 a Oktoban 2022. Wani zai ce ai in lira ta faɗi mai dala ya ji daɗi, eh, amma mu ai ba dala gare mu ba, naira gare mu, ita ma kuma ka san halin da ta shiga tun 2023, sai ya zama ana dukanka ta gaba ana dukanka ta baya.

Ranar kama gida ba kuɗin wata ɗaya za ka ajiye ba. Akwai hayar farko, akwai depozito wato kuɗin ajiya, akwai la'adar dillali wanda suke kira emlakçı, sannan duk wata ga aidat na kula da bene, ga wuta ga ruwa ga intanet, ga uban gayya iskar gas a lokacin sanyi. Mu da muka saba da hunturun Kano muna ganin mun san sanyi, to ba mu san komai ba. Daga Disamba zuwa Maris ruwa ne da iska mai ratsa ƙashi, wani lokaci dusar ƙanƙara, kuma a ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, ka fita lakcar farko gari duhu kamar za ka sallar asuba. Shekarata ta farko a waje da hostal mu huɗu muka kama wani gida na ƙasa don ya fi araha, tagarsa daidai da ƙafar masu wucewa, muna tsoron kunna kombi, wato na'urar ɗumama gida, saboda bil, sai ga bango ya fara yin baƙi da danshi, litattafaina suka kumbura, jallabiyata ta Juma'a da ke rataye ta yi funfuna, muka yi ta tari har bazara. In dillali ya ce maka bodrum ne ko ya ce kot, to ƙasa yake nufi, ka je da rana ka shafa bangon da hannunka ka leƙa bayan kabad kafin ka sa hannu. Ka kuma tambayi shekarun ginin, don garin yana kusa da layin girgizar ƙasa, ta 1999 ta yi ɓarna sosai a yankin kuma ko a Afrilun 2025 an yi wata mai ƙarfin 6.2 da ta fito da mutane kan titi.

Wani abu kuma da ejan ba zai faɗa maka ba, ba kowace unguwa baƙo yake iya yin rajistar adireshi ba. A 2021 an rufe gundumomin Fatih da Esenyurt ga sabbin baƙi, a 2022 aka ƙara wasu gundumomi irin su Avcılar da Başakşehir da Zeytinburnu, duk da akwai sassauci ga ɗalibin da makarantarsa take cikin gundumar. Izinin zamanka, ikamet, yana rataye ne da adireshin nan, kuma ikamet shi ne ranka a ƙasar, da lambar da ke jikinsa mai farawa da 99 za ka yi harkar banki da asibiti da komai. Saboda haka kar ka ba kowa kuɗin gida sai ofishin ɗaliban waje ya tabbatar maka adireshin zai karɓu. Shawarata ma shekarar farko ka zauna a hostal, su yurt suke cewa, ko da akwai takura da dokar dawowa da wuri, akwai ɗumi akwai takardar adireshi kuma dole ka yi Turkanci da 'yan ɗakinku. Sai dai ka san hostal ɗin na waye, don akwai na ƙungiyoyi masu araha da ke zuwa da sharuɗɗansu. Bayan yunƙurin juyin mulki na 15 ga Yuli 2016 gwamnati ta rufe jami'o'i 15 da ta danganta da wata ƙungiya a lokaci guda har da Jami'ar Fatih da ke Istanbul, kuma yaranmu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba sun sha wahala sosai a lokacin. Siyasar mutane ka bar musu kayansu.

Nisa ma kuɗi ne. Kar ka kalli taswira ka ce ai duk Istanbul ce, Metrobüs kaɗai, wato doguwar bas mai hanyarta ta musamman, daga Beylikdüzü zuwa Söğütlüçeşme ya haura kilomita 50, kuma da safe cunkoson cikinsa sai ka ce motar kasuwar ƙauye ranar ci. Na taɓa yin zango guda ina kashe kusan awa huɗu kullum a hanya zuwa da dawowa don in tsira da 'yan kuɗin haya, ban ci riba ba, sakamakona ne ya biya. Abin daɗin dai shi ne sufuri na da sauƙi ga ɗalibi, da zarar ka yi rajista ka nemi Istanbulkart na ɗalibai ka dinga saka abonman na wata, hawa 200 ne, da shi za ka hau bas da metro da taram da Marmaray mai bi ta ƙarƙashin teku da jirgin ruwa. Ranar da kewar gida ta dame ni jirgin ruwan Eminönü zuwa Üsküdar nake hawa, in sayi simit ɗaya, burodin nan mai kamar zobe da riɗi a kai, da shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashin nan, in zauna a baya ina jefa wa tsuntsayen teku gutsure suna cafewa a sama, minti ashirin sai in ji zuciyata ta sauka.

Wayarka ma ka sani, wayar da aka shigo da ita daga waje bayan kwana 120 layin Turkiyya yana daina aiki a cikinta sai an biya harajin rajista, a 2025 kuɗin ya haura lira 45,000, wato ya fi kuɗin wayar da yawancinmu ke riƙewa. Ka bar taka ta gida don WhatsApp a kan wayfai ka sayi 'yar ƙarama a can.

Harshe, ciki da masallaci

Kar kalmar "da Turanci ake koyarwa" ta sa ka saki jiki. Aji ne kawai da Turanci, shi ma wani malamin in ɗalibai suka rikice sai ya juya Turkanci ya yi minti goma yana bayani kai kana kallon silin. Mai shago, direba, ma'aikacin banki, mai gida, ɗan sanda, duk Turkanci ne. Harshen ba shi da wuyar da ake tsoro, da haruffan boko ake rubuta shi kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa, ga kalmomin Larabci da muka yi tarayya, dünya duniya, kalem alƙalami, sabun sabulu, saat sa'a. Wahalarsa ita ce yadda suke jera ɗafe-ɗafe a bayan kalma har ta zama jimla guda, da aikatau da ke zuwa can ƙarshe. Ka fara tun kana gida. Ka koyi kiran babba abi ko abla, malami hocam, in ka wuce mai aiki ka ce kolay gelsin, daidai da sannu da aiki ɗinmu ne, wallahi za ka ga fuskar mutum ta canza nan take har ya miƙo maka shayi.

Za a kalle ka, wannan kam ka shirya. Tambayar nerelisin, daga ina kake, sai ka amsa ta sau goma a rana, yara za su nemi hoto, tsofaffi in suka ji sunanka na Musulunci sai murna. Amma akwai mai gidan da yana jin muryarka a waya zai ce ba ya ba baƙo haya, akwai mai jefa maka magana a mota, kuma 'yan shekarun nan da tattalin arziki ya matse ƙyamar baƙi ta ƙaru. 'Yan sanda suna tare mutane su duba takardu, katin ikamet kullum ya kasance a aljihunka.

Ciki kuwa ba za ka mutu da yunwa ba in ka san hanya. Kantin cin abinci na jami'a, yemekhane, shi ne mafi araha musamman a jami'o'in gwamnati, sayayya kuma kantunan BİM da A101 da Şok, kayan miya a kasuwar unguwa ta sati-sati, ka je dab da magariba lokacin da suke karya farashi. Abincinsu mai kyau ne, miyar adas, wake da shinkafa, kaza a kan shinkafa ta masu amalanke, burodi ba iyaka, sai dai ba yaji, barkononsu pul biber ga ɗan Kano ado ne kawai. Ka cika jaka da yajin gida da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure da kyau. Tuwo kuwa da irmik muke tuƙawa, samolina ce, tana yin sumul kamar ta gida. Akwai shagunan 'yan Afirka a wajen Aksaray da Kumkapı inda ake samun manja da garin kwaki amma da tsada.

Masallaci ko'ina, ga Süleymaniye ga Sultanahmet ga Eyüp Sultan inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, Ayasofya ma an mayar da ita masallaci a 2020. Hanafiyya ne, za ka ga 'yan bambance-bambance da abin da ka saba, huɗuba da Turkanci, ladan yana jan tasbihi bayan sallama, kar ka je kana yi wa mutane gyara. Juma'a ranar aiki ce, wani lokaci lakca na cin karo da sallah sai ka yi dabara. Kuma gari ne da kowa ke harkarsa, mashaya a buɗe take a Taksim da Kadıköy, babu Baba babu maƙwabcin da zai kai rahoto, na ga yaran da talauci bai kayar ba amma sakewar nan ta kayar. Ni dai namiji ne kuma a ɓangaren injiniya na yi, in 'yar'uwarka ce za ta zo ko mai son likitanci sai a nemi wanda ya bi wannan layin, sai dai in ce mai likitanci ya sani in ya dawo Najeriya sai ya zauna jarrabawar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, kafin ya taɓa mara lafiya.

To me za ka yi

Da ni ne kai da shekara 19, da ban yi gaggawa ba. Akwai sikolashif ɗin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, wanda hukumar YTB ke gudanarwa, ana buɗe shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu a yawancin shekaru, kyauta ake nema ta intanet ba ruwanka da ejan. Yana biyan kuɗin makaranta da wurin kwana da inshorar lafiya da tikiti da alawus na wata, da shekara guda ta koyon Turkanci a TÖMER, cibiyar koyar da harshen. Na digirin farko sai wanda bai kai 21 ba kuma makinsa ya kai kashi 70, likitanci 90, ka ga kana da sauran dama. Gasa ce mai zafi ba na ce za ka samu tabbas ba, kuma ba lallai a tura ka Istanbul ba, ana iya kai ka Konya ko Sakarya ko Kayseri, wanda in ka tambaye ni ma alheri ne ga aljihunka. Hanya ta biyu jami'ar gwamnati da kuɗinka, da yawansu suna karɓar sakamakon jarrabawar TR-YÖS, lissafi ce da gwajin kaifin basira, kuɗin makarantarsu galibi ya yi ƙasa da na jami'ar kuɗi sosai, sai rarar da Baba zai samu ta zama kuɗin watanka.

In kuma kun dage sai wannan admishan ɗin, to ku zauna da Baba da biro da takarda, ku nemi ɗalibi biyu da ke cikin jami'ar yanzu haka ba wanda ejan ya haɗa ku da shi ba, su faɗa muku abin da suka kashe watan jiya, haya da gas da abinci da mota, ku ninka sau goma sha biyu ku ƙara wani abu saboda farashi zai tashi, ku ɗora kuɗin inshorar lafiya da na ikamet da jaket da takalmin sanyi. In Baba zai iya ɗaukar wannan na shekara biyun farko ba tare da an sa kuɗin aiki ko kwabo a lissafin ba, bismillah ka taho, ka yi min magana in ka sa ranar tafiya in faɗa maka motar da za ka hau daga filin jirgi. In ba zai iya ba ka ajiye takardar, ka fara Turkanci a waya daga daren yau, ka haɗa sakamakon WAEC ɗinka da fasfo kafin Janairu.